Nau'o'in Ciwon Doguwar Tazarar QT na Gado

Ciwon doguwar tazarar QT cuta ce ta gado da ke shafar tsarin lantarkin zuciya, inda tsokar zuciya ke jinkirin komawa hutu bayan kowane bugu. Likitoci sun fi saninsa da gajeren suna LQTS. Zuciyar mai wannan ciwo yawanci lafiyarta ƙalau ta fuskar siffa da ƙarfin bugu, amma jinkirin yana iya haddasa rikicewar bugu farat ɗaya, wadda kan kai ga suma, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko mutuwar fuju'a, musamman ga yara da matasa. An ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 2,000 zuwa 2,500 yana ɗauke da shi.

An kasa ciwon nau'i-nau'i bisa ƙwayar gadon da ta samu sauyi, aka kuma ba kowane nau'i lamba, daga LQT1 zuwa LQT17. Nau'o'i uku na farko su ne ke da kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar suna da ciwon. Kowannensu yana da abin da ke tayar da shi, da alamar da yake nunawa a takardar gwajin zuciya, da maganin da ya fi karɓa. Saboda haka sanin nau'in da mutum ke da shi yana shafar irin shawarar da za a ba shi game da wasanni, barci, haihuwa da shan magani.

Ma'anar tazarar QT

Na'urar ECG tana zana lantarkin zuciya a kan takarda mai ƙananan gidaje. An raɗa wa sassan zanen kowane bugu sunayen haruffa: P, Q, R, S da T. Tsinin QRS yana nuna lokacin da lantarki ya ratsa ɗakunan ƙasa biyu na zuciya suka matse suka tura jini. Tudun T kuma yana nuna lokacin da ɗakunan ke komawa yadda suke don jiran bugu na gaba. Tazarar QT ita ce tsawon lokaci daga farkon Q zuwa ƙarshen T, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Tazarar tana gajarta idan zuciya na sauri, tana tsawaita idan tana bugu a hankali. Don haka ake gyara lissafin ya dace da saurin bugu, galibi da dabarar da Henry Bazett ya fitar a 1920, a kira sakamakon QTc. A al'ada QTc ba ta wuce milisakan 440 ga maza, 460 ga mata. Idan ta kai 480 a gwaji fiye da ɗaya ba tare da wani dalili na daban ba, ana ɗaukar mutum yana da ciwon. Daga 500 zuwa sama haɗarin yana ƙaruwa sosai.

Yadda ciwon ke faruwa

Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana lulluɓe da tantani mai ƙananan ƙofofi na furotin, waɗanda sinadarai masu cajin lantarki ke shiga da fita ta cikinsu. A farkon bugu ƙofofin sodiyom suna buɗewa, sodiyom ya kwarara ciki, sannan su rufe nan da nan. Daga nan kalsiyom ya shiga ya sa tsoka ta matse. A ƙarshe ƙofofin fotasiyom su buɗe, fotasiyom ya fita waje, cajin ƙwayar ya koma yadda yake. Duk wannan yana ɗaukar kimanin milisakan 300.

Tazarar QT tana tsawaita ta hanya biyu. Ko dai fotasiyom ya kasa fita yadda ya kamata, ko kuma sodiyom ko kalsiyom ya ci gaba da shiga bayan lokacinsa ya wuce. A kowane hali, wasu ƙwayoyin tsoka sukan yi tartsatsin lantarki kafin maƙwabtansu su gama hutawa. Wannan tartsatsi na iya tayar da bugu mai tsananin sauri, sama da 200 a minti ɗaya, wanda likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966 ya kira shi torsades de pointes, wato murɗawar tsinaye, saboda yadda zanensa ke murɗewa a takarda. A lokacin jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, sai mutum ya faɗi. Sau da yawa bugun yakan daidaita da kansa cikin daƙiƙoƙi, mutum ya farfaɗo. Wani lokaci kuma yakan rikiɗe ya zama karkarwar ɗakunan zuciya, wadda ke kisa cikin 'yan mintoci idan ba a yi wa zuciyar girgizar lantarki ba.

Tarihi

A 1957 likitoci biyu na ƙasar Norway, Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen, suka ba da labarin wani gida mai 'ya'ya shida, huɗu daga cikinsu kurame ne tun haihuwa kuma suna yawan suma. Uku daga cikin huɗun sun mutu farat ɗaya kafin su kai shekara 10. Bayan haka Cesarino Romano a Italiya a 1963, da Owen Conor Ward a Ailan a 1964, kowannensu ya bayyana gidajen da ke da irin wannan matsalar zuciya amma jinsu lafiya lau. Daga nan aka samu sunaye biyu: ciwon Jervell da Lange-Nielsen, da ciwon Romano-Ward.

A 1979 Arthur Moss na Rochester a Amurka da Peter Schwartz na Milan suka kafa rajistar ƙasa da ƙasa ta gidajen da ke da ciwon, wadda ta zama tushen yawancin abin da aka sani game da shi. Ƙungiyar Mark Keating a Jami'ar Utah ta danganta ciwon da kuromosom na 11 a 1991. A 1995 ta gano ƙwayoyin gado KCNH2 da SCN5A, sannan a 1996 ta gano KCNQ1. An ba nau'o'in lambobi ne bisa jerin yadda aka gano wurarensu a kan kuromosom, shi ya sa KCNQ1 ta zama LQT1 ko da yake ita ce ta ƙarshen ganowa cikin ukun.

Yadda ake gadonsa

Kowane mutum yana da kwafi biyu na kowace daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A yawancin nau'o'in, kwafi ɗaya mai sauyi ya isa ya kawo ciwon. Ana kiran wannan gado mai rinjaye, kuma duk ɗan da mai ciwon ya haifa, namiji ko mace, yana da damar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Wannan shi ne tsarin Romano-Ward.

Ba duk wanda ya gaji sauyin ne ke nuna alama ba. A gida ɗaya ana iya samun yaro mai yawan suma, alhali mahaifiyarsa mai irin sauyin ba ta taɓa jin komai ba, takardar gwajinta ma ba ta nuna tsawo ba. Irin waɗannan mutane suna iya gadar wa 'ya'yansu, kuma su ma suna cikin haɗari idan suka sha wasu magunguna.

LQT1

LQT1 shi ne nau'in da ya fi yawa, kimanin kashi 30 zuwa 35 cikin 100 na masu ciwon. Yana fitowa daga sauyi a KCNQ1 da ke kan kuromosom na 11, wadda ke gina ƙofar fotasiyom mai buɗewa a hankali. Aikin wannan ƙofa ya fi muhimmanci lokacin da sinadarin adirenalin ya yi yawa a jini, zuciya na sauri, domin ita ce ke taimakawa a gajarta tazarar QT yadda bugu zai bi bugu lafiya. Idan ta raunana, tazarar ba ta gajarta yadda ake bukata lokacin motsa jiki.

Shi ya sa mafi yawan masu LQT1 suke faɗuwa a wurin gudu, ƙwallo ko tsananin fushi da tashin hankali. Iyo a ruwa yana da haɗari na musamman gare su, kuma suma a cikin ruwa alama ce mai ƙarfi ta wannan nau'i. A takardar ECG, tudun T nasu yakan yi faɗi a gindi. Alamomi sukan fara tun ƙuruciya, kuma yara maza sun fi 'yan mata shiga haɗari kafin balaga. Ana gina ƙofar ne da furotin huɗu iri ɗaya, don haka wasu sauye-sauyen sun fi wasu muni: idan furotin mai lahani ya shiga cikin ginin, yakan ɓata aikin lafiyayyun da ke tare da shi, aikin ƙofofin ya ragu fiye da rabi.

LQT2

LQT2 shi ne na biyu a yawa, kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Sauyin yana kan KCNH2 da ke kuromosom na 7, wadda aka fi sani da hERG. Tana gina ƙofar fotasiyom mai buɗewa da sauri, wadda ke ɗaukar babban kaso na aikin mayar da zuciya hutu a kowane bugu. Yawancin sauye-sauyen da ke cikinta suna sa furotin ya naɗe ba daidai ba, ya kasa isa tantanin ƙwayar, sai ƙofofin su yi ƙaranci. Sauyin da ya faɗa daidai ramin da fotasiyom ke bi ya fi haɗari.

Abin da ya bambanta LQT2 shi ne firgita, musamman ƙara ta ba-zata da ta tashi mutum daga barci, kamar agogo mai ƙararrawa, ringin waya ko bugun ƙofa. Tudun T nasu gajere ne, sau da yawa mai tsaguwa biyu. Mata bayan balaga sun fi maza shiga haɗari, kuma haɗarin yana ƙaruwa ga mai jego a watanni tara na farko bayan haihuwa, lokacin da kukan jariri da rashin barci suke haɗuwa da sauyin sinadaran jiki. Masu wannan nau'i ba sa jure raguwar fotasiyom a jini. A cikinsu ne kuma aka fi samun waɗanda aka daɗe ana yi wa maganin farfaɗiya bisa kuskure kafin a gano cewa matsalar daga zuciya take.

LQT3

LQT3 yana da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Sauyin yana kan SCN5A da ke kuromosom na 3, wadda ke gina babbar ƙofar sodiyom ta zuciya. A LQT1 da LQT2 aikin ƙofa ne ke raguwa, a nan kuwa ƙofar ce ba ta rufuwa sosai, sai sodiyom ya ci gaba da tsiyaya ciki har ƙarshen bugu. Illar wannan tsiyaya ta fi bayyana idan zuciya na bugu a hankali, don haka masu LQT3 sun fi samun matsala suna barci ko suna zaune suna hutawa. A takardar ECG ana ganin dogon layi shimfiɗaɗɗe kafin tudun T ya taso a makare.

Ita wannan ƙwayar gado tana da hannu a wasu cututtukan zuciya. Sauyin da ya rage aikinta yana kawo ciwon Brugada da jinkirin tafiyar lantarki a zuciya. Akwai kuma sauye-sauye, kamar E1784K, da ke iya nuna alamun LQT3 ga wani, alamun Brugada ga ɗan'uwansa a gida ɗaya.

Kwatanta manyan nau'o'i uku

Wani bincike da Schwartz da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a kan majinyata 670 ya nuna cewa kashi 62 cikin 100 na faɗuwar masu LQT1 ta faru ne lokacin motsa jiki, kashi 3 kacal lokacin barci ko hutu. Ga masu LQT2 da LQT3 kuwa, kashi 13 ne kawai lokacin motsa jiki, amma lokacin barci ko hutu kashi 29 ga LQT2 da kashi 39 ga LQT3.

Binciken Silvia Priori da abokan aikinta na 2003 a kan mutum 647 ya gano cewa kafin shekara 40, ba tare da magani ba, kashi 30 cikin 100 na masu LQT1 sun taɓa suma ko tsayawar zuciya ko sun mutu, sai kashi 46 na masu LQT2 da kashi 42 na masu LQT3. Binciken ya kuma nuna cewa masu ɗauke da sauyin amma QTc ɗinsu ba ta yi tsawo ba sun kai kashi 36 a LQT1, kashi 19 a LQT2, kashi 10 a LQT3. Bayanan rajistar ƙasa da ƙasa na 1998 kuma sun nuna cewa idan rikicewar bugu ta auku, ta fi kisa a gidajen LQT3, kimanin kashi 20 cikin 100, a kan kashi 4 a sauran biyun.

Ciwon Jervell da Lange-Nielsen

Wannan yana faruwa ne idan yaro ya gaji kwafi mai sauyi daga uwa da kuma daga uba, galibi na KCNQ1, jifa-jifa na KCNE1 da ke kuromosom na 21. Ƙofar fotasiyom da waɗannan ƙwayoyin gado biyu ke ginawa tana kuma aiki a cikin kunne, inda take zuba fotasiyom cikin ruwan da ji ya dogara a kansa. Kwafi ɗaya lafiyayye ya ishi kunne, shi ya sa iyayen suke ji. Idan duka biyun suka lalace, ana haihuwar yaron kurma a kunnuwa biyu.

Idan uwa da uba duk suna ɗauke da sauyin, kowane ciki yana da damar kashi 25 cikin 100 na zuwa da ciwon. An fi samunsa inda auren zumunci ya yi yawa, domin 'yan'uwa sun fi yiwuwar ɗaukar sauyi iri ɗaya daga kaka ɗaya. Yana cikin nau'o'i mafiya tsanani: a wani bincike na 2006 a kan majinyata 187, kashi 86 cikin 100 sun samu matsalar zuciya, rabinsu kuma tun suna shekara 3 alamomi suka bayyana. Saboda haka ake so a yi wa duk yaron da aka haifa kurma gwajin ECG, balle wanda yake suma.

Nau'o'in da ke shafar wasu sassan jiki

Ciwon Andersen-Tawil, wanda ake kira LQT7, yana fitowa galibi daga sauyi a KCNJ2 da ke kuromosom na 17. Likitar Denmak Ellen Andersen ce ta bayyana shi a 1971, Rabi Tawil ya ƙara fayyace shi a 1994. Alamominsa uku ne: shanyewar gaɓoɓi ta ɗan lokaci da ke zuwa tana tafiya, rikicewar bugun zuciya, da wasu siffofi na jiki kamar ƙaramin haɓa, kunnuwa da suka sauko ƙasa, tazara tsakanin idanu da karkatattun yatsu. A takardar ECG ana ganin babban tudun U bayan T.

Ciwon Timothy, wato LQT8, yana fitowa daga sauyi a CACNA1C da ke kuromosom na 12, wadda ke gina ƙofar kalsiyom. An gano musabbabinsa a 2004, an kuma sa masa sunan Katherine Timothy, mai bincike da ta tattara bayanan yaran da ke da shi. Ana haihuwar yawancinsu da yatsu a haɗe, tare da nakasar zuciya, saukar sukarin jini, raunin garkuwar jiki da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane. Ba a cika samunsa ba, kuma yawanci sauyin sabo ne da bai bayyana a jikin iyaye ba.

LQT14, LQT15 da LQT16 suna fitowa daga CALM1, CALM2 da CALM3, ƙwayoyin gado uku a kan kuromosom na 14, na 2 da na 19, waɗanda duk suke gina furotin ɗaya mai suna kalmodulin. Aikinsa shi ne ya rufe ƙofar kalsiyom idan kalsiyom ya isa. An fara danganta su da ciwon a 2013. Sukan bayyana tun jariri yana goye, da tazara mai tsawon gaske da tsayawar zuciya. LQT17 kuma daga TRDN yake, ana gadonsa daga iyaye biyu, yana kawo tsayawar zuciya lokacin wasa ga ƙananan yara, wasu tare da raunin tsoka.

Nau'o'in da ake taƙaddama a kansu

Sauran nau'o'in su ne LQT4 na ANK2, LQT5 na KCNE1, LQT6 na KCNE2, LQT9 na CAV3, LQT10 na SCN4B, LQT11 na AKAP9, LQT12 na SNTA1 da LQT13 na KCNJ5. Da yawa daga cikinsu an sa su a jerin ne bisa gida ɗaya ko majinyata ƙalilan, a lokacin da babu manyan rumbunan bayanai da za a gane ko lafiyayyun mutane ma suna ɗauke da sauyin.

A 2020 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin shirin ClinGen ya sake auna hujjojin duka 17. Ya yanke cewa KCNQ1, KCNH2 da SCN5A ne kaɗai ke da tabbatacciyar hujja ta kawo ciwon a siffarsa da aka saba. CALM1, CALM2, CALM3 da TRDN suna da hujja mai ƙarfi ta kawo shi da siffofi na daban a ƙuruciya. CACNA1C tana da matsakaiciyar hujja. Sauran tara kuwa hujjarsu mai rauni ce ko abin jayayya. KCNJ2 tana cikin taran, ko da yake an tabbatar ita ce ke kawo ciwon Andersen-Tawil. Game da KCNE1 da KCNE2, kwamitin ya ga cewa sun fi zama abin da ke ƙara haɗarin tsawaitar QT idan an sha wasu magunguna. Wannan hukunci yana da tasiri a asibiti, domin ɗora wa mutum ciwon bisa sauyin da ba shi da illa na iya sa a hana yaro wasanni ko a dasa masa na'ura ba gaira ba dalili.

Bambanci tsakanin al'ummomi

A wasu wurare sauyi ɗaya ya yaɗu daga kaka ɗaya. A Finlan sauye-sauye huɗu a KCNQ1 da KCNH2 suna jikin kusan mutum 1 cikin 250. A Afirka ta Kudu sauyin A341V na KCNQ1, mai tsanani fiye da yawancin LQT1, ya bazu a gidajen Turawan Afrikana da suka fito daga ma'aurata ɗaya na ƙarni na 18. A arewacin Suwidin akwai sauyin Y111C, wanda ya fi sauƙi.

Akwai kuma wani bambanci a SCN5A mai suna S1103Y da ake samu a kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, yana kuma da yawa a Afirka ta Yamma. Shi kaɗai ba ya kawo LQT3, kuma yawancin masu shi ba sa samun matsala duk rayuwarsu, amma yana ɗan ƙara haɗarin rikicewar bugu idan fotasiyom ya ragu ko aka sha maganin da ke tsawaita QT. Da yake mafi yawan bayanan gadon da aka tara na Turawa ne, fassara sakamakon gwajin ɗan Afirka ta fi wuya, kuma an fi samun sauyin da ba a tantance ma'anarsa ba.

Ganowa da gwajin dangi

Ana fara ganowa da ECG da tarihin majinyaci da na gidansu. Likitoci suna amfani da ma'aunin maki na Schwartz: QTc ta 480 zuwa sama maki 3, suma lokacin motsa jiki ko tashin hankali maki 2, ɗan'uwa da aka tabbatar yana da ciwon maki 1, kurumta tun haihuwa rabin maki, mutuwar fuju'ar ɗan'uwa na kusa kafin shekara 30 rabin maki. Jimillar maki 3.5 zuwa sama tana nuna cewa akwai ciwon. Gwajin motsa jiki a kan keke ko injin gudu yana taimakawa wajen fito da ɓoyayyen LQT1, domin QTc takan kasance da tsawo a mintocin farko na hutu.

Gwajin gado na jini ko yawu yana gano sauyin a kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda alamominsu suka fito fili, don haka rashin ganin sauyi ba ya kore ciwon. Idan aka gano sauyin mutum ɗaya, sai a gwada iyayensa, 'yan'uwansa da 'ya'yansa a kan wannan sauyin kaɗai. Inda babu gwajin gado, ana yi wa dangi na kusa ECG, a kuma yi la'akari da abin da ya tayar da sumar da siffar tudun T don hasashen nau'in.

Magani bisa nau'i

Magungunan beta bloka, masu rage tasirin adirenalin a zuciya, su ne ginshiƙin magani, kuma nadolol da propranolol sun fi sauran aiki. Sun fi kare masu LQT1, inda yawancin matsalar da ake samu bayan fara magani take zuwa daga tsallake shan sa ko haɗa shi da maganin da ke tsawaita QT. Masu LQT1 ba sa shiga ruwa ba tare da mai lura ba, kuma shiga gasar wasanni sai da shawarar likitan zuciya.

Masu LQT2 su ma suna shan beta bloka, tare da kula da fotasiyom na jini, wani lokaci da ƙarin ƙwayoyin fotasiyom ko spironolactone. Ana ba su shawarar fitar da waya da agogo mai ƙararrawa daga ɗakin kwana. Mai ciki da mai jego ba sa daina magani, kuma ana so dangi su taimaka da renon dare.

Ga masu LQT3 ana ƙara mexiletine, wanda ke toshe tsiyayar sodiyom ya gajarta QT. An nuna haka tun 1995, kuma yana cikin misalan farko na maganin da aka zaɓa bisa ƙwayar gado a cututtukan zuciya.

Wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa, ko yake ci gaba da suma duk da magani, ana dasa masa ƙaramar na'urar ICD a ƙirji, wadda ke gane mugun bugu ta yi wa zuciya girgizar lantarki. Akwai kuma tiyatar yanke jijiyoyin gefen hagu da ke kai saƙon adirenalin ga zuciya, wadda aka fara yi wa masu ciwon a farkon shekarun 1970. Masu ciwon Jervell da Lange-Nielsen, Timothy da na kalmodulin sukan bukaci waɗannan matakai tun suna ƙanana.

Magunguna da yanayin da ake gujewa

Ƙofar hERG tana da saurin toshewa da magunguna iri-iri, shi ya sa magani kaɗai na iya tsawaita QT ko ga wanda bai gaji ciwon ba. An janye terfenadine da cisapride daga kasuwannin ƙasashe da dama saboda haka. Cikin waɗanda masu ciwon ke gujewa akwai magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su kulorokwin, kwinin, halofantrine da piperaquine, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su erythromycin, azithromycin da ciprofloxacin, magungunan amai irin su ondansetron da domperidone, da haloperidol na taɓin hankali. Shafin CredibleMeds yana ɗauke da cikakken jeri da ake sabuntawa.

A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kuma ake sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba, wannan batu yana da muhimmanci. Zazzaɓin dole ne a yi maganinsa, amma likita ne zai zaɓi wanda ya dace, ya kuma duba ECG idan da hali. Gudawa da amai suna zubar da fotasiyom da maginiziyom, don haka mai ciwon yana bukatar ruwan gishiri da sukari da wuri, da gwajin jini idan abin ya tsananta. Ana kuma so mutanen gidan su koyi danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Yawancin waɗanda aka gano ciwonsu da wuri, suka riƙe magani suka kuma kiyaye abin da ke tayar da nau'insu, suna karatu, suna aiki, suna aure da haihuwa kamar kowa.